Namiji a Gidan Idda

Kwana uku da saukar Hajiya Altine gidan ƙaninta Dogara a Guangzhou, ta gama lissafa laifukan matarsa. Saffana 'yar China ce, Musulma, ta koyi Hausa a bakin kwastomomin kasuwar Canaan, shi ya sa ko gaisuwarta kamar ciniki take.

"Dubi miya don Allah, kamar ruwan alwala! Kuma a tsaye ta gaishe ni, ƙerere!" Hajiya ta fashe da kuka. "Ni na goya ka, Dogara. Ko ni ko ita!"

Dogara, wanda bai taɓa yi wa yayarsa musu ba, ya sunkuyar da kai. "Saffana... na sake ki, saki ɗaya."

Hajiya ta gyara zama tana jiran a fara kwashe kayan ɗaki.

Saffana ta share hawaye ta shiga ɗaki. Can ta fito da akwati, ta ajiye a gabansa.

"Wannan ai nawa ne," in ji Dogara.

"Naka ne, Baban Firdausi. Gidan nan babana ya saya min tun kafin aure."

A ofishin aure, inda suka je rajistar sakin, ma'aikaciyar ta yi musu bayani dalla-dalla. Sai sun daidaita wa zai riƙe Firdausi, wa zai ciyar da ita, yadda za a raba shagonsu, sannan su je su yi wata guda su huce. In ba su dawo ofishin tare ba, maganar saki ta mutu.

"Yarinya ai tamu ce, Kano za ta!" in ji Hajiya.

"Mai shan nono? Meyo," in ji ma'aikaciyar, wato babu.

Hajiya ta tuna tana da biki a Kano, ta hau jirgi.

Dogara ya koma siton shago yana kwana kan dilar jeans. Abokinsa Alhasan kullum sai ya leƙo. "Amarya, ya idda? Kada a fita sai da lalura fa!"

Dogara dai muryar Firdausi kawai yake ji a kunne. Kullum da azahar kuma sai ga kular abinci daga Saffana, ba saƙo, ba gori. Miyar dai tana nan yadda take, amma yana shanyewa tas.

Da wata ya cika suka haɗu a ƙofar ofishin, Firdausi na miƙa masa hannu.

"Mu shiga, boss," in ji Saffana.

Idonsa ya ciko. "Wallahi ba zan iya ba! Na yi wauta. Saffana, na mayar da ke ɗakinki."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ni ina ɗakina. Kai dai ɗauko akwatinka."

Haƙurinta ya dawo mata da miji, ko da yake wasu na ganin ribar ba ta taka kara ta karya ba. Darasin dai shi ne, girmama na gaba wajibi ne, amma kada ka ari fushin wani ka rushe gidanka. Mai fushin zai hau jirgi, kai za ka kwana a sito.