Safa Biyu, Ɗaya Ta Fi Ɗaya

Bushra na zaune a tsakar gidansu da ke Funtua tana tsince shinkafa, sai wata mata daga Maska ta yi sallama, ta dire ƙulli a gaban kakarta Inna Uwa. Tun ba a kwance ba Bushra ta gane ɗankwalin. Da shi ta naɗe safar da ta saƙa wa saurayinta Zaharaddeen, ta ɗora a kan dubulan da cincin na tukwicin toshin sallah. An riƙe dubulan da cincin, safar kaɗai aka dawo da ita.

Matar ta isar da saƙo ba ragi. Gwaggo Nana Aisha, yayar mahaifin Zaharaddeen, ita ta buɗe tukwicin a gaban matan gida, ta ɗaga safar ta nuna wa kowa cewa ɗaya ta fi ɗaya faɗi. Ta ce ko dai yarinyar ba ta iya ba, ko kuwa raini ne, don haka manya ba za su zo sa rana ran Juma'a ba sai an sake shawara.

Wannan zalunci ne, ba shi da wani suna. Sati biyar yarinyar nan ta yi tana saƙa da zaren ulu ruwan toka, sau uku tana warware dunduniya don ba ta kwanta yadda take so ba. A ce an cinye cincin an dawo da aikin sati biyar, ba a ko tambayi dalili ba?

Bushra ta kashe wayarta ta shige ɗaki tana kuka. Inna Uwa ta bi ta da safar a hannu.

"Share hawayenki. Ni na koya miki saƙa, kuma ban koya miki babba da ƙarama ba. Me ya faru?"

Bushra ta buɗe gwangwanin zarenta ta ciro tsinken tsintsiya guda biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta ce Zaharaddeen ya taɓa faɗa mata takalmin roba da yake shiga fadamar shinkafa da shi yana cin ƙafarsa ta hagu. Kunya ta hana ta tambayar girman ƙafarsa. Ran da ya zo zance ya yi alwalar la'asar a bakin zaure, ya taka siminti da jiƙaƙƙun ƙafafu. Yana wucewa masallaci ta fito da gudu, ta auna faɗin sawun kafin ya bushe, ta karya tsinken daidai nan. Na hagu ya fi na dama da yatsa biyu.

Inna Uwa ta ƙulle tsinken a bakin mayafinta. Uwar yarinya ba za ta iya zuwa gidan surukai da irin wannan magana ba, amma kaka abokiyar wasa ce, ba inda aka hana ta. Ran Alhamis da hantsi ta hau mota sai Maska.

Ta gaisa da kowa, ta tambayi shuka da damina, ta sha ruwa. Sannan ta ce ba faɗa ya kawo ta ba, awo ta zo yi, kuma tana so a kira duk matan da aka ɗaga safar a gabansu. Zaharaddeen ya dawo daga gonar kawunsa a Dandume ke nan, ya gaji da neman layin Bushra, bai ma san an saƙa masa komai ba.

"Ina angon nawa? Zo nan, cire takalmi."

"Haba Inna, a gaban jama'a? Ki bari a ɗaura mana tukuna mana."

"Wa zai ɗaura min da mai ƙafar agwagwa? Miƙo."

Mata suka kwashe da dariya. Ta ɗora gajeren tsinken a ƙafar dama, ya zauna daidai. Ta ɗora dogon a ta hagu, ko ƙwayar gero bai rage ba. Dariya ta tsaya.

Hajiya Amatullahi, mahaifiyarsa, wadda ba ta kama sunansa domin ɗan fari ne, ta sunkuyar da kai ta ce yaron nan yana shekara bakwai wani sa na huɗa ya taka shi, ƙafar ta warke a baje. Ta gane tun ranar da aka ɗaga safar, amma ba za ta tsaya wa ɗan fari a gaban yayar mijinta ba.

Zaharaddeen ya zura safar, ya miƙe, ya taka har bakin rijiya ya dawo.

"Wallahi Gwaggo, sayiz ɗina ne cif. Tunda nake ban taɓa sa safar da ba ta matse ni ba."

Gwaggo Nana Aisha ta fara cewa ai kuskure ne, a bar shi ya wuce. Inna Uwa ta ce ba zai wuce ba. A nan aka ce jikarta ba ta iya ba, a nan za a ce ta iya, kuma da ƙarfin muryar da aka faɗi na farko. Gwaggo ta dubi ƙafar da ta goya mai ita shekara biyu ba ta taɓa lura da ita ba. Ta ɗaga murya ta ce ta yi wa yarinyar nan ba daidai ba, a yafe mata.

Ran Juma'a manya suka zo Funtua da goro da alewa, aka sa rana bayan girbin shinkafa. Haka ya kamata: wanda aka ba kyautar hannu ya tambaya kafin ya kushe, domin mai saƙa ta kalli abin da shi bai kalla ba. Bushra ta yi haƙuri ba ta mayar da magana ba, aikinta ya wanke ta.

Da yamma Gwaggo ta shigo cikin gida, ta ajiye curin ulu uku a gaban Bushra, ta ce ƙafafunta na sanyi da damina, ko 'yarta za ta taimaka mata. Bushra ta durƙusa ta ce to. Ta tashi ta cika buta, ta ajiye a bakin siminti.

"Gwaggo, ga ruwa. A fara alwala, bari in ɗauko tsintsiya."