Ragowar Fentin Yaya Ladan

Hannuwana shuɗi ne har gwiwa lokacin da Sadisu ya yi sallama a ƙofar gidanmu.

Ba da shaddar da yake zuwa zance da ita ya zo ba. Kakin aikinsa na duba-gari ne a jikinsa, ga littafin takardu a hammata. Saura kwana goma sha ɗaya a ɗaura mana aure.

"Mairo..."

Na ɗago na dube shi.

"Ke kika zuba fenti a kwatar bayan gida?"

Da zan iya ƙarya da na yi, amma ga hannuwa nan suna ba da shaida. Na ce masa ni ce. Ya rufe ido na ɗan lokaci, ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda ya kwaso rana tun daga sakatariya yana addu'ar kada ya ji wannan amsar.

Fentin na Yaya Ladan ne, wana, wanda kaf unguwarmu a Birnin Gwari babu gidan da buroshinsa bai taɓa ba. Shekara biyu da suka wuce, da dangin Sadisu suka kawo gaisuwa, ya sayo bokiti shida na shuɗi da gwangwani biyu na fentin mai, ya ce ba za a zo ɗaukar ƙanwarsa a tarar da bango duk jirwaye ba, kuma ya yi alkawarin shi da kansa zai raka ni ɗakin mijina. Ya fara da ɗakin Inna. Ya shafe bango ɗaya da rabi, sai aka kira shi aiki Kakangi. Ya wanke buroshi, ya ce mana sai Alhamis.

An tare motarsu a daji. Ranar Juma'a aka kawo mana gawarsa.

Aka ɗaga biki. Sadisu ya jira, bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Bokitan kuwa suka zauna a lungun ɗakin Inna, ƙarƙashin rabin bangon nan, shekara biyu cur. Kullum na buɗe ido su nake fara gani, na share gefensu, na ɗaga su na mayar. Huɗu da ya riga ya buɗe sun lalace suna wari, Inna tana tari, amma babu mai ƙarfin halin cewa a fitar da su.

Sai Muslimat ta zo taya mu shirin biki. 'Yar Baffa Bakoji ce, ƙanen mahaifina, wanda shi ne waliyyina tun rasuwar Baba. Kowa a dangi ya san inda idon Muslimat yake tun ranar da ta fara ganin Sadisu, ni ce dai na mayar da abin wasa. Ta leƙa lungun nan ta riƙe haɓa, wai ga bokitai har shida muna neman na zuba zoɓo da kunun aya. A garin nan wane biki ne ake yi ba da bokitin fenti ba? A juye, a wanke da omo, shi ke nan. Ita ta riƙe mini ƙofar baya. Na juye huɗu a kwata, na bi da gwangwani ɗaya na fentin mai, na kora da ruwa. Da na waiwayo babu ita.

Abin da ban tsaya na tuna ba, kwatarmu ba a bayan gida take ƙarewa ba. Gangarawa take yi har kududdufin da maƙwabciyarmu Maman Praise take ban ruwan alayyafonta, inda agwaginta suke wuni.

Kafin Sadisu ya buɗe littafinsa sai ga Baffa ya faɗo gidan yana huci, an riga an kai masa labari. Shi dama bai taɓa ƙaunar auren ba, tun shekarar da Sadisu ya sa shi ya ɗauke turken awakinsa daga bakin rijiya. Ya tsaya tsakar gida ya ce duba-gari ko surukinsa ba ya ragawa, yau ga shi an gani. In har alƙalamin nan ya taɓa takarda da sunan 'yarsa, to a aiko a kwashe lefe.

Na kalli Sadisu. Wallahi a raina roƙonsa nake yi ya rufe littafin.

Ya durƙusa har ƙasa, muryarsa a sanyaye.

"Baffa, ka yi haƙuri. In na rufe ido a kan wannan, gobe da wane ido zan kalli Maman Praise?"

Ya rubuta. Kwana bakwai aka ba ni na tsabtace kwatar, in ba haka ba magana ta tafi kotu. Ya miƙo mini takardar, na karɓa da shuɗin hannuna, yatsuna suka fito raɗau a jikinta.

"Na gode, Malam duba-gari," na ce.

Na shige ɗaki na bar shi a durƙushe.

Kwana biyu ban leƙa waje ba. Kuka ma ban yi ba, ƙarfinsa ne babu. Na gaji. Na gaji da jira, na gaji da ta'aziyya, na gaji da garin da kowace mota ta fita sai an bi ta da addu'a har ta dawo. Ina kwance ina jin ƙarar shebur a bayan gida tun daga la'asar har kiran magariba, na san ko waye, na juya wa bangon baya.

A rana ta uku Maman Praise ta shigo. Na zaci faɗa ta kawo, kuma da ta yi da ban ga laifinta ba, don agwaginta uku sun mutu, alayyafon da take kaiwa kasuwa ya tashi daga aiki. Sai ta zauna kusa da Inna kan tabarma tana tambayar jikinta. Matar nan ita ta tsaya kan tukunya kwana uku lokacin zaman makokin Yaya Ladan. Da za ta tafi ta leƙo inda nake.

"Mairama, 'yata, ba ni na kai ƙara ba. Wadda na gani tana ɗaukar hoton kwata da waya, 'yar gidan Baffanki ce."

Ta gyara zaninta.

"Yaron nan Sadisu kuma hannunsa duk ya yi kanta. Ki fita ko ruwa ki ba shi."

Kunya ta rufe ni, ban san sanda na jawo mayafi ba.

Na same shi tsamo-tsamo cikin kwata, ya naɗe ƙafar wando, yana kwaso shuɗin taɓo yana zubawa a baro. Ya ɗago ya gan ni da kofin ruwa, ya karɓa ya shanye tas. Na ɗauki ɗayan shebur ɗin.

Muna aiki yana yi mini bayani, ba da muryar ofis ba, da muryar da yake yi mini hira a zaure. Fenti ba a zuba shi a kwata, ba a zuba shi a masai, ba a ƙona shi. In ya lalace, sai a zuba masa yashi ko garin katako a gauraya, a baza a rana inda yara da dabbobi ba sa kaiwa, har ya bushe ya yi tauri, sannan a kai jujin da hukuma ta ware. Na mai kuwa ko hakan ba a yi masa, a rufe shi ruf a miƙa musu. Bokitan ya ce sai an huda gindinsu, don duk wankin da za a yi musu ba su dace da abin sha ba. Na tuna zoɓon da na so na shayar da mutum ɗari a ciki.

Kwana uku muna yi. Muka tare kwatar da buhunan yashi, muka kwashe taɓon, muka yashe bakin kududdufin. Ya tafi da gwangwanin fentin man da ya rage a bayan mashin ɗinsa. Magana ta aure ko sau ɗaya ba ta haɗa mu ba.

Saura bokiti biyu, waɗanda Yaya Ladan bai buɗe ba. Sadisu ya ɓalle murfin ɗaya ya juya da sanda, ya ce lafiyarsu ƙalau, hanya mafi kyau ita ce a ba wanda zai shafa.

"Ba zan iya ba," na ce.

"Me ya sa, Mairona?"

Sunan nan ne ya karya ni.

"Ba don zoɓo na zuba ba, Sadisu... Muslimat ta dai ba ni dalili ne. Na gaji da ganinsu. Kuma ba zan iya wucewa ta ƙofar wani na ga shuɗin Yaya a bangonsa ba."

A nan kukan da ya ƙi zuwa ya zo. Bai hana ni ba, ya tsaya yana jujjuya sandar nan a hannunsa, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Ashe Inna tana bakin ƙofa. Tun rasuwar Yaya maganarta ba ta wuce a'a da to. Ta koma ciki, muka ji tana jan akwati, ta fito da buroshi naɗe a cikin tsohon ɗankwali. Ta miƙa wa Sadisu.

"Ɗan nan, ƙarasa masa."

Washegari, rana ta bakwai, muka fitar da gadon Inna tsakar gida. Sadisu ba mai fenti ba ne, kowa ya gani, yana shafawa yana ɗiga a ƙafarsa, ni ina riƙe masa tsani ina faɗa masa inda ya tsallake. Kafin la'asar bokiti biyun sun ƙare tas, ɗaki ya rufu. Sai dai da ya fara shan iska muka ga abin da ba mu zata ba. Shuɗin Yaya Ladan ya koɗe da shekara biyu, sabon ya fi shi duhu. Ga layi nan a karkace daga sama har ƙasa, daidai inda hannunsa ya tsaya.

Sadisu ya shiga ba da haƙuri, wai zai nemo wani bokitin ya bi duka ɗakin su zama ɗaya. Inna ta ɗaga masa hannu. Ta matsa ta ɗora tafinta a kan layin, ta daɗe a haka.

"A bar shi," ta ce.

Muna tsaye sai ga Baffa da mai a-daidaita-sahu, ya zo kwasar lefe da kansa tunda ba a aiko ba, Muslimat tana biye da shi tana gyara gyale. Inna ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli Baffa ba tun da nake, amma ranar ta ce masa ya shigo ya gani. Ya shiga yana faɗa, faɗan ya mutu a bakinsa. Shi ya yi wa Yaya Ladan huɗuba ranar suna, shi ya sa shi a kabari.

"Malam Bakoji," in ji Inna, "ɗana ya fara wannan aikin don auren ƙanwarsa. Ga wanda ya ƙarasa. Ka faɗa mini wa zan ba ita in ba shi ba."

Baffa ya daɗe yana kallon layin nan. Ya cire hularsa ya goge fuska da ita, ya fita ya sallami mai a-daidaita. Muslimat ko sallama ba ta yi mana ba, ni ma ban neme ta ba.

An ɗaura ranar Asabar kamar yadda aka sa. A randunan Maman Praise aka zuba zoɓo, ita ta aiko da su tun asuba, mu kuma muka kai mata 'yan agwagi huɗu cikin kwando. Ba a yi kiɗa ba, garin ba na kiɗa ba ne yanzu.

Mai lalle ta yi mita har ta gaji, wai shuɗin da ya maƙale a gefen faratana ya ɓata mata aiki, ta kawo kananzir za ta goge. Na janye hannuna. Da aka kai ni, Sadisu ya kama yatsuna yana dubawa, ya ce ashe har yanzu bai fita ba.

Na ce masa ai Yaya ya yi alkawarin shi zai rako ni.