Amsar Masu Fadama

Rana ta yi ja lokacin da Shamsuddeen ya tsaya a gefen hanya, dab da Kambaza, don ya gyara ɗaurin bututun da ke bayan babur ɗinsa. Tun bayan la'asar ya baro Kalgo. Bututun zai kai wa taubashinsa Muhammad Sani, mai haƙa rijiyar bututu, wanda ke aiki a wata fadama bayan gari. Niyyarsa ya miƙa masa, su taɓa 'yar tsokanar da suka saba, ya wuce Gwandu ya kwana.

Su biyun ma'aikatan wata ƙungiyar manoman albasa ne, kuma ma'aikatan nan a warwatse suke kamar gero a masussuka. Wani na Dangoma, wani na Dalijan, wani na can cikin Gwandu. Sabis ɗin waya kuwa sai ya ga dama. A da, mutum kan wuni yana kiran abokin aiki, ƙarshe ya ji "ban jin ka" sai layi ya yanke. Shamsuddeen ne ya kawo magani. Ya sa wa kowa wata manhaja a waya, mai kamar allo da aka raba gida uku: abin da za a yi, abin da ake yi, da abin da aka gama. Kowane aiki da katinsa. Mai magana ya bar ta a jikin kati, ko murya ko hoto, duk lokacin da waya ta kama sabis saƙon ya tafi. Ya kuma kafa doka, don shi mutum ne mai son doka: ba kira, ba zaman jiran amsa, a kashe ƙarar waya lokacin aiki, a duba allo safe da yamma.

"Sabon salo, kiran salla da usur," in ji Muhammad Sani ranar da aka koya musu. "To bawana, in kura ta biyo ni, kati za ni rubuta maka?"

Aka yi dariya. Amma a faɗi gaskiya, abin ya yi aiki. Taki ya daina ɓacewa a hanya, ba a sake aiken mutum biyu wuri ɗaya ba, Shamsuddeen kuwa har tafiyarsa ta canza don jin daɗi.

Da aka zo maganar wannan fadama, Baba Atiku, tsohon da ke riƙe da gonakin wajen, ya ce ba a huda ƙasar nan sai an nemi izinin masu wuri. Yadda ake yi tun kaka da kakanni, a kai sabuwar ƙwarya da nono da magariba, a yi sallama, a faɗi buƙata. Da safe a koma. In an tarar da ƙwaryar a zaune, sun yarda. In an tarar da ita a kife, mutum ya nemi wani wuri. Shamsuddeen bai yi gardama da tsoho ba. Ya dai yi murmushi, ya buɗe kati, ya rubuta "Neman izinin masu wuri", ya ɗora wa Kabiru, malamin gonarsu na Dalijan. Shekaranjiya ya ga hoton ƙwarya a kan ciyawa, ya ga katin ya koma gidan abin da aka gama. Shi ke nan, Muhammad Sani ya kwashi kayansa ya shiga fadama.

Da ya gama ɗaure bututun sai ya ciro waya, tunda lokacin dubawar yamma ya yi. Akwai sabon saƙon murya a jikin wancan katin. Tun jiya da safe Kabiru ya ɗauke shi, amma sai ɗazu ya samu hawa, da alama sai yau ya fito inda ke da sabis.

Ya kunna, muryar Kabiru ta fito.

"Shamsu, kuskure niy yi. Ina aje ƙwaryar nan nim matsa kati, yadda munka saba, ban jira sahiya ba. Yanzu nik koma. Ba kihe ta anka yi ba, Shamsu. Hwashe ta anka yi, an tattake ta cikin laka. Ka ce ma Sani kash shi taɓa wurin ga. Ni an yi muna rasuwa, na wuce ƙauye."

Kabiru ya bar saƙo, ya ɗauka ya sauke nauyi. Haka aka koya masa.

Shamsuddeen ya yi maza ya fita daga allon. Ya danna lambar Muhammad Sani. Ta shiga, ta yi ta ringin har ta gaji. Ya sake. Ya san inda wayar take: cikin aljihun rigar da aka rataye, ƙararta a kashe, bisa dokar da shi da bakinsa ya kafa.

Ya taka babur.

Hanyar fadamar siririya ce, ta ratsa tsakanin gonaki. Yana baro gidajen ƙarshe aka fara kiran magariba a bayansa. Iska ta yi sanyi. Warin ɗanyar laka ya tare shi, da na ganyen albasa, sai kuma wani wari a ƙarƙashinsu, mai tsami, irin na nonon da ya kwana a rana. Daga nesa yana jin injin ban ruwa yana bugawa, sai ya ɗan ji sanyi a ransa. Inji na aiki, ke nan mai inji na nan lafiya.

Sai injin ya mutu.

Kwaɗi ma suka yi tsit, gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

Ya jefar da babur ɗin bai ko kashe fitila ba. Leburori sun tashi, babu kowa. Ga riga a rataye jikin kara. Ga tiyo yana ɗigar da ruwa. Ga adda a yashe. Can gaba kuma ga Muhammad Sani kwance rub da ciki a cikin caɓi, hannunsa na dama ya shige ramin rijiyar har gwiwa.

Ramin nan bai fi bakin tulu faɗi ba.

"Sani!"

Ya ɗago kai da ƙyar. Laka ta rufe masa rabin fuska. Da raɗa ya yi magana.

"Kak ka ɗaga murya. Bututu yas sulluɓe, nis sa hannu in kamo shi. An riƙe ni, Shamsu."

"Wa ar riƙe da kai?"

"Suna da yawa."

Aka fizge shi. Ƙirjinsa ya daki ƙasa, tim. Hannun ya ƙara shigewa, wani abu ya yi ƙas a ciki, kamar an karya busasshen kara. Ihun da ya yi bai yi kama da na mutum ba.

Shamsuddeen ya faɗa kansa, ya rungumo ƙugunsa, ya kafe ƙafafu ya ja. Yana ja yana karanta Ayatul Kursiyyu, harshensa na sarƙewa, yana komawa farko. Laka ta fara motsi a ƙarƙashinsu, tana numfashi. Ruwa ya tumbatso ta gefen hannun, baƙi, mai ɗumi, da gudajin nono a ciki.

Bututun ƙarfen da ke gefe ya miƙe tsaye shi kaɗai.

Kafin Shamsuddeen ya kauce ya sauka a bakinsa. Ya ji haƙoransa sun zube kan harshe. Na biyu ya same shi a haƙarƙari ya wurgar da shi gefe. Yana kwance yana tofar da jini ya ji maganar. Daga ramin take fitowa. Muryar tsohuwa ce, da wasu muryoyin a bayanta suna maimaitawa.

"Kun yi sallama. Mun amsa."

Aka sake fizga. Hannun ya shige har damtse.

"Wa yat tsaya yaj ji?"

"Ku yi haƙuri," in ji Shamsuddeen, jini na bin gemunsa. "Laihina ne. Shi bai sani ba. Wallahi bai sani ba."

"Shi yah huda muna ɗaki."

Kafaɗar Muhammad Sani ta fara nutsewa. Wuyansa ya lanƙwashe, kumatunsa ya manne da bakin ramin. Ramin ba ya buɗewa. Mutumin ake so a cusa ciki a haka, ƙashi bayan ƙashi.

"Adda," ya ce. Idonsa ɗaya ne kawai a waje. "Shamsu, ɗauko adda."

"Ba ni iyawa."

"Don girman Allah. Sare shi."

Shamsuddeen ya rarrafa. Ya ɗauko ta. Ya sa gwiwa ya ture kan taubashinsa gefe, ya tona laka da yatsu har ya ga damtsen. Wannan hannun ne ya koya masa iyo suna yara. Ya yi bisimilla.

Saran farko bai raba ba.

Na biyu ma.

A na uku suka faɗi baya tare, ramin ya haɗiye abin da ya rage da wani sauti kamar na mai tsotsar ɓargo.

Ya kwance robar da ya ɗaure bututu a babur, ya tamke dungulmin da iya ƙarfinsa. Ya ɗora shi a babur, ya ɗaure shi a bayansa da rigar nan. Ƙasa na kama tayoyi. Wani abu mai sanyi ya shafi idon sawunsa ya zame. Bai waiwaya ba.

Suna hawa tudu injin ban ruwa ya tashi a bayansu, ba kowa a kansa.

Muhammad Sani ya rayu. Likitoci a Birnin Kebbi suka ce robar nan ce ta cece shi. Mutanen gari suka cike ramin da duwatsu, ba a kuma sake shuka ko tushe ɗaya a gefen ba. Ƙungiya ba ta yar da manhajarta ba, don laifin ba na waya ba ne. Sai dai yanzu ba a matsa kati sai wanda aka yi wa magana ya amsa, kuma duk abin da ya shafi rai, kira ake yi, in ba a samu ba a hau babur. Kabiru ya bar aikin. Shamsuddeen bai sake kafa wa kowa doka ba, kuma in yana magana yakan rufe bakinsa da hannu.

Ya ɗauka a nan abin ya tsaya, har ranar da ya je gaishe da taubashinsa bayan an sallamo shi. Ya same shi a zaure, ya rame, ciwon ya warke sarai. Suna cikin hira rana ta faɗi. Sai gumi ya karyo wa Muhammad Sani, ya dafe dungulmin ya cije leɓe har ya fashe.

"Mi yas same ka? Ciwon ne?"

Ya girgiza kai.

"Hannun ne. Yana can wurinsu, Shamsu, ina jin sanyin ruwan. Kullum magariba sai sun karya yatsun ɗaya bayan ɗaya. Kahin gobe sun haɗe."

Shamsuddeen ya tsura wa dungulmin ido. Hawaye kawai yake.

Muhammad Sani ya dube shi, babu fushi a fuskarsa, babu tsokana.

"Ga shi nan," ya ce a hankali. "Sun kama ƙaramin."