Tsingaron Kufai

"Ba inda za ka! Bara ma wata biyu ka ce, ba mu gan ka ba sai da ruwan farko ya sauka."

"To ɗaure ni a turke mana! Mota na can Tanut ana loda mata hatsi, jibi sai Agadas. In na jure bana zan samu takardar tuƙi, in kama mana ɗaki a Damagaram."

"Ɗaki a Damagaram," in ji Balki, da muryar mijin nata sak, har da ɗan gyaran maƙogwaron da yake yi.

Ila bai yi dariya ba. Ya ɗauki buta ya fita.

Da kakar bara aka ɗaura musu aure. Lallen ƙafarta bai gama goguwa ba ya bi babbar motar da yake yi wa yaron mota, ya bar ta a Falanko tare da uwarsa, Inna Dado, da ƙanwarsa Lantana. Da damina ya dawo, suka yi noma, rumbu ya cika. Ga shi yanzu ya sake ɗaure kaya. Ita kuwa Balki tun tana ƙarama ba muryar da ke gagarar ta: ta ladan, ta Buzu mai cinikin gishiri, har ta jakin maƙwabta. Tunda tata muryar ba ta tsai da shi ba, ta ce bari ta aro wata.

Garin nasu rairayi ne, sai ka wuni ba ka tsinci dutse ba. Saboda haka ta zaga bayan gari, can kufai inda ko makiyaya ke kauce wa, ta tsinto tsingaron tsofaffin tukwane ta ƙulle a haɓar zane.

Da almuru, kaji sun hau, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo kan jinkar ɗakin Ila. Na biyu ya biyo baya, ya daki ƙwaryar da ke gaban Inna Dado. Can daga bayan rumbu wata siririyar murya ta taso, ta hanci, tana jan magana: "Ilaaa... in ka taka hanya, ba ka dawowa."

Inna Dado ta ɗauki salati. Ila ya kwance kayansa.

Mota ta tafi, direba ya ɗauki wani yaron. Balki ta samu abin da take so, amma tuwo ya daina wuce mata. Kullum sai ta ga mijinta zaune a gindin rumbu, yana murza igiyar da ya kwance daga kayansa, idonsa a hanyar Tanut. Ba ta ƙara jifa ba.

Duk da haka, wata magariba tana tsakiyar gida, hannayenta biyu a kan taɓarya, wani abu ya tsallako ta bayan ɗakin Inna Dado, ya fasa randa. Ruwa ya malale, rairayi ya shanye. Balki ta saki taɓaryar.

Kashegari da faɗuwar rana Lantana ta shigo daga rijiya, ta tsaya a bakin danga ba ta yi sallama ba. Tulu ya zame daga kanta. Ta faɗi tana mimmiƙewa, idanunta sun juye. Da ta buɗe baki, sai ga siririyar muryar nan ta hanci: "Ilaaa..." Sannan wata dariya mai nauyi ta biyo baya, wadda ba ta taɓa fitowa daga ƙirjin ɗan Adam ba.

Kwana da kwanaki yarinyar ba ci ba sha. Balki ce ke jinyarta, ita ke goge mata gumi, kuma duk sa'ad da ta sunkuya sai ta ga idanun nan na bin ta. Lantana ce ta riƙa kwana a ɗakinta watannin da Ila ba ya nan. Ita ke yi mata kitso, ita ke tsokanar ta da "matar yaya mai bakin aku".

Ila ya hau raƙumin aro, ya ɗauko Malam Jika daga Belbeji, wani dattijo mai sanyin magana. Malamin ya jira rana ta yi ja, ya sa turare a kasko, ya zauna wajen kan yarinyar yana karatu. Iska ta tsaya cak. Ko akuya ba ta motsa ba.

"Wace ce ke?"

"Mai gidan kufai."

"Me bayin Allah suka yi miki kike jifan su?"

"Ni? Hannuna bai taɓa jifa ba. Tukwanen da nake dafa wa 'ya'yana aka kwaso, aka watsa a gidan nan, aka ɗora mini laifi. Har da magana ta hanci! Malam, tsakani da Allah, haka ka taɓa jin mun yi magana?"

"Faɗi abin da kike so."

"Baƙin bunsuru."

"Ba jinin da za a zubar miki."

Ya ɗaga murya da karatu. Lantana ta gantsare, wuyanta ya kumbura, Inna Dado ta rufe fuska da mayafi.

"Tsaya, tsaya!" in ji mai kufai. "To a mai da mini kayana, da hannun da ya ɗauko. Kuma mai hannun ta faɗa a gaban kowa, da muryarta, ba ta aro ba. In ba haka ba, da yarinyar zan tafi, ta yi mini girki."

Ba wanda ya dubi kowa. Turare ya ci gaba da tashi. Balki ta lalubi muryarta a cikin dukan muryoyin da ta iya, ta same ta can ƙasa, 'yar ƙarama.

"Ni ce. Ni na kwaso, ni na jefa, ni na yi magana a bayan rumbu. Zan mayar."

Lantana ta yi wata doguwar atishawa, jikinta ya saki. Bayan ɗan lokaci ta buɗe ido. "Matar yaya," ta ce, "ba ni ruwa."

Balki ta kawo ruwan, sannan ta durƙusa gaban mijinta. Da ma zagi ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Mota ta tafi, Balki," abin da ya ce ke nan.

Hawaye suka zubo mata. "Na sani. Ka yafe mini. Amma wallahi jifan da ya fasa randa ba ni ba ce."

Malam Jika ya ɗaga kai. "Ita ma mai kufai ta ce ba ta taɓa jifa ba."

Inna Dado ta gyara zama, ta tsura wa babban yatsan ƙafarta ido.

"Randar nan," ta ce, "da ma tana yoyo."