Gwiwar Magagi

Ranar kasuwar Filinge ce Magagi ya sauko daga motar Yamai da sanduna biyu a hammata. Sati biyu ke nan da aka yi masa aikin jijiyar gwiwa, wadda ta tsinke a wajen kokowa. Likita ya ɗaura masa wani abu mai ƙarfe tun daga cinya har ƙwauri, wandunansa duk sun ƙi shiga.

Rumfar ɗinki ta farko bayan tasha ta Nasiba ce. Ta ɗago kai daga keke, ta dube shi, ta dubi zanen da ya ɗaura.

"Malam, zanen innarka ne?"

"Nata ne," ya ce a hankali. "Ki taimake ni in maida mata abinta."

Ta yi dariya har ta rufe baki. Ta ɗinka masa wando mai faɗi wanda ya rufe ƙarfen ruf. Da ya zo karɓa ya roƙi lambarta, ta ba shi.

Bayan wata biyu ya ajiye sanduna, ya tafi gaida mahaifinta, Baba Dodo. Dattijon yana zaune a ƙofar gida da abokansa uku. Magagi bai iya tsugunnawa ba, kunya kuma ta hana shi faɗin dalili. Sai ya zauna bakin tabarma, ƙafar ta miƙe sambal, tafin yana kallon fuskar dattijo.

Baba Dodo ya tashi ya shige gida.

Nasiba ta bi shi tana bayani. Ya saurara har ta gama.

"To, in ba raini ba ne, gurgu ne," ya ce. "Ba ni tilasta miki Mansur, ko da mutanensa sun zo sau biyu. Amma ba ni ba da ɗiyata ga wanda ba shi iya durƙusawa. Shi zo shi tsugunna shi gaishe ni kamar ɗan mutane kafin a gama kai hatsi rumbu. In bai zo ba, kar in ƙara jin sunansa."

Mansur ma'aikacin ofishin magajin gari ne, yana da babur da ƙafafu biyu lafiyayyu. Kullum sai ya sami maɓallin da ya cire ya kawo rumfarta.

Nasiba ta aika wa Magagi sharaɗin mahaifinta, da mitan awonta na ɗinki a cikin leda. Matar da ke koya masa motsa ƙafa a asibitin Yamai ta riga ta nuna masa yadda zai yi. Ya zauna a tabarma, ya jawo diddige zuwa jikinsa a hankali, ya auna abin da ya rage tsakanin diddige da mazaunai. Matar ta kuma gargaɗe shi, in ya matsa da ƙarfi, abin da aka ɗinka zai sake tsinkewa.

Kowace Juma'a bayan masallaci sai ya aiko saƙo.

"Telata, yau santimita 41."

"Madalla, Sarkin Sanda. Kar ka yi gaggawa."

Sati na gaba 36. Sai 31, sai 27. Gero ya fitar da kai, awo ya sauko 19. Daga nan ya tsaya. Juma'a uku a jere 19. Safiya da maraice yana ja har gumi ya jiƙa tabarma, gwiwar ta kumbura, lambar ba ta motsa ba. A gonakin hanyar Bonkuku an fara yankan hatsi.

Wata rana ya hango babur ɗin Mansur a ƙofar Baba Dodo. Da Juma'a ta zo sai ya rubuta:

"Yau 11."

Amsa ba ta zo ba sai bayan la'asar.

"Magagi, ni tela ce. Awo ba ya tsalle daga 19 zuwa 11. Ko ƙarya ka yi mini, ko ka matsa ta da ƙarfi. Wanne ne?"

Ya rubuta mata:

"Ƙarya ce. 19 ne. Tsoro nika ji, Nasiba. Wani ya ce in tafi wurin mai ɗori shi lanƙwasa ta sau ɗaya a huta."

Nan take ta kira.

"In ka tafi wurin mai ɗori, kar ka ƙara kirana. Mi za ni yi da miji mai tsugunno ɗaya rak duk rayuwarsa?"

"In lokaci ya wuce fa?"

"Sai in zauna ina ɗinki har Baba shi gaji da ganina. Mansur kuwa shi nemi wata ta sa masa maɓalli."

Ya koma Yamai. Matar asibitin ta ce ya yi yawa ne, ya huta kwana huɗu kumburin ya sauka. Ya huta. Juma'ar da ta biyo 17. Sai 14.

Ranar da amalanken ƙarshe ya shigo da damman Baba Dodo, awo yana 12. Magagi ya sa farar riga ya tafi. Abokan nan uku suna wurin. Nasiba tana bayan zana, tana leƙe.

Ya cire takalmi. Ya sauka sannu sannu, diddigen yana ɗage, har ya kai.

"Ina wuni, Baba?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Sauka kawai ya koya a gida, bai taɓa gwada daɗewa ba. Baba Dodo kuwa bai rage komi ba. Ina gida? Ina tsohuwa? Ya hatsin bana? Ya dabbobi? Ina mutanen Damana, dangin uwarka? Magagi yana amsawa, cinyarsa tana rawa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Da dattijon ya gama, abokansa uku suka ɗauka, kowa da tasa gaisuwar. Nasiba ta ciji mayafinta.

"To, tashi," in ji Baba Dodo.

Magagi ya yunƙura, ƙafar ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

"Baba, ka gafarce ni," ya ce. "Sauka na iya. Tashin ban kai gare shi ba tukuna."

Wani cikin abokan ya tuntsire da dariya. Baba Dodo bai yi ba. Ya dafa bango ya miƙe, ya kama yaron ta hammata ya ɗaga shi, ya riƙe shi har ƙafar ta daina rawa.

"Ka turo manyanka jibi."

An ɗaura auren bayan sati biyar, da hantsi, a ƙofar gidan. Baba Dodo ya ɗaga hannu.

"Allah shi ba su zaman lahiya. Allah shi ƙara ma ƙafar nan ƙarfi, shi ba su 'ya'yan da za su gajiyar da ita."

Jama'a suka amsa da amin. A cikin gida guɗa ta tashi.