Wa Ya Ɗauke Zanen Tjitske?

Sufeto Hidde Terpstra bai gama shan kofinsa na safe ba aka bugo waya: an sace wani zanen hoto a ɗakin baje kolin zane-zane da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Harlingen. Ya hau kekensa cikin yayyafi.

Baukje, mai kula da ɗakin, ta nuna masa bango. Ƙusa kaɗai ta rage.

"Zanen wa?"

"Na marigayiya Tjitske Algra. Hoton mata ne suna gyaran komar kamun kifi."

Ba a ɓalle ƙofa ba, ga kuma zane-zanen da suka fi shi daraja ba a taɓa ba.

"Wa ke da makulli bayan ke?"

"Ba kowa," in ji ta, idonta a kan ƙusar.

A ofis ya nemi sunan marigayiyar a intanet. Tana da shafi a kundin ilimin nan da kowa ke iya gyarawa, amma an liƙa gargaɗi a samansa: za a goge, don babu majiya mai tushe da ta nuna ta yi suna. Wanda ya liƙa gargaɗin ɗan garin ne, Wiebe, tsohon malamin makaranta. Sufeto ya same shi a gida.

"Kai ka ce a goge ta?"

"Ba gaba nake da ita ba, Yallaɓai, zanenta na burge ni. Amma me aka kawo mana? Sanarwar coci da yabon mijinta. Ai kowane miji matarsa ce gwana. Jarida muke so, ko littafi, daga wanda ba ruwansa da ita."

"Mijin ya ji haka?"

"Douwe? Nan ya tsaya ya wanke ni tas." Ya juyo da kwamfuta. "Duba ma, yau wani ya ƙara cewa an sace zanenta."

Sufeto ya duba lokacin gyaran. Tun kafin Baukje ta buɗe ɗakin aka yi shi.

Da ya koma mata da wannan, sai ta sauke kai. "Na ba Douwe makulli. Yana son zama gaban zanen kafin mutane su zo."

Washegari Sufeto ya tarar da tsoho Douwe a kicin ɗinsa yana soya kifi, jaridu sun cika tebur.

"Ni ma a jarida na gani," in ji Douwe.

"Baba, ai kai ka gyara shafin nan nata na intanet. Wa ya gaya maka an sace tun gari bai ji ba?"

Douwe ya juya kifinsa, ya kashe wuta. Ya je bayan kabad ya jawo zanen, naɗe cikin bargo mai taushi.

"Duk rayuwarta zane take yi. Ta mutu, a ce wai babu shaidar ta taɓa yin komai? Jarida suke so, na samo musu jarida."

"Labarin sata ai na ɓarawo ne. Wiebe zai ce kai ka yi suna, ba ita ba."

"Na sani, ɗana." Tsohon ya yi murmushi. "Amma jiya wata mai sharhin zane ta zo daga Amsterdam neman labarin. Na buɗe mata rumfar baya, inda sauran zane-zanenta suke. Ta shiga da rana, ba ta fito ba sai yamma, idonta ya yi ja don kuka. Shafi guda za ta rubuta a kan gwanintar Tjitske, ba a kan sata ba."

Sufeto ya ɗauki zanen a hankali. "Duk da haka, sai mun je ofis."

"To, ci kifi tukuna, kar ya huce."

Suka ci a tsaye. Douwe ya saka kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya kulle gida. A bakin ƙofa ya riƙo hannun Sufeto.

"In 'yan jarida sun tambaye ka, ka tabbata sun rubuta sunanta daidai. Nawa ko sun ɓata, ba komai."