Rauta a Cikin Samira

"Idan ta sake yankewa yau, maganar nan ta mutu!"

Baba Maikano bai ɗaga murya ba, amma 'yarsa Munawwara ta san ba wasa yake ba.

Ikrima, mai neman aurenta, na Masar yana karatu. Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai kalli ƙwayar idonsa ba, shi ya sa aka shirya kiran bidiyo a zaure. Zama biyu ke nan, da Ikrima ya buɗe baki sai hoton ya daskare.

"Ishara ce," in ji mahaifiyarta, Inna Turai. "Mun yi istihara, ga amsa."

Haka ake a ƙauyensu Kwandiko! Abu ya lalace ba mai tashi ya duba, sai a naɗe hannu a ce ƙaddara.

Munawwara kam ta duba. A gidansu waya ba ta kama sabis sai da rauta, 'yar na'urar intanet, wadda ke zaune a tagar Inna mai kallon garin Gwaram, inda sabis ya fi ƙarfi. Ta kashe ta kunna, ta cika caji, ta ga akwai data. Da safe garau ta ji muryarsa.

"Kar ki ji tsoro, hasken idona..."

"Ina ji a jikina, Ikrima. Wani abu na bin mu."

Bayan La'asar dattawa suka zauna. Waya ta yi ƙara, fuskar Ikrima ta bayyana.

"Assalamu alai..."

Shiru.

Baba ya soma tattara babbar rigarsa.

"Baba, don Allah ka dakata!"

Da gudu Munawwara ta faɗa ɗakin Inna.

Tagar wayam!

A bakin gado Murja ce zaune, 'yar gwaggonta, wadda tun suna makaranta a Birnin Kudu ba ta iya jin sunan Ikrima ba ta sunkuyar da kai ba.

"Me kike nema, amarya?" ta ce da murmushi. "Abin da ba rabonki ba?"

Munawwara ta shiga waige-waige. Idonta ya sauka kan jeren samirun Inna a kabad. Ta ƙarƙashin murfin babbar, wani koren haske na ƙiftawa.

Ta ɗage murfin, sai ga rautar.

"Inna! Wa ya sa ta a nan?"

"Ni ce," Inna ta ce daga bakin ƙofa. "Murja ta ce in baƙi sun zo a riƙa rufe ta, saboda kambun baka."

"A cikin ƙarfe, Inna? Ta ina sabis zai shiga? Aurena kuka rufe da murfi!"

Inna ta juya a hankali ta dubi Murja.

Murmushin ya ɓace.

Munawwara ta fito tsakar gida, ta kife turmi ta hau, ta ɗaga rautar sama da hannu biyu. Gyalenta ya zame, ba ta gyara ba.

Daga zaure babu motsi. Ko Baba ya riga ya fita?

Can sai ga murya, tar kamar yana bayan katanga.

"Baba, barka da yamma. Ikrima ne..."

Kafaɗunta suka soma zogi. Hawaye na zuba, ba hannun sharewa. Tambaya bayan tambaya Baba yake yi, ita ko tana tsaye ƙyam.

Murja ta wuce ta gefenta da ƙullin kayanta, ba sallama.

Daga ƙarshe muryar Baba ta ratso tsakar gida.

"Na ba ka ita, yaro. Ka turo magabatanka."

"Sauko haka nan, 'yar nan," Inna ta ce.

"A'a, Inna. Sai sun shafa fatiha."